Shin mahaifina magini yana cikin malamaina a sana'ar zanen gini?

Ɗalibin Samaru:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina shekarar ƙarshe a sashen koyon zanen gine-gine, kuma an buƙaci kowannenmu ya rubuta taƙaitaccen bayani a kan mutanen da suka ɗora shi a kan wannan hanya. Yawancin abokan karatuna sun jero sunayen manyan masu zane na Turai da Amurka waɗanda a littafi kawai muka san su. Ni kuwa wanda ya fara faɗo mini a rai shi ne mahaifina, maginin ƙasa ne da bai taɓa zana taswirar gida a takarda ba, amma a hannunsa na koyi bambanta ƙasar da za ta yi tubali da wadda za ta tsage idan ta bushe. Shin sanya shi a sahun malamaina na sana'a gaskiya ce ta ilimi, ko kuwa ladabi ne kawai na ɗa ga uba? Zan so a kawo mini misalai daga rayuwar masu zanen da duniya ta sani.

Tsohon Mai Zane, Kaduna:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ka duba tarihin Francis Kéré na Burkina Faso, ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini ta duniya, a 2022. Mahaifinsa ba magini ba ne, shi ne mai garin Gando, kuma abin da ya sa ya tura babban ɗansa makaranta shi ne yana son a sami wanda zai riƙa karanta masa wasiƙu. Da yake babu makaranta a ƙauyen, yaron ya bar gida yana ɗan shekara 7 zuwa Tenkodogo, inda ya yi karatu a ajin bulon siminti mai zafi da duhu da cunkoso. Shi da kansa yana ba da labarin yadda matan ƙauyen ke kwance bakin zane su ba shi ɗan kuɗin da ya rage musu duk lokacin da hutu ya ƙare zai koma. Daga baya ya sami tallafin koyon kafinta a Jamus, ya zarce jami'a a Berlin, kuma tun bai kammala ba ya gina makarantar firamare ta Gando a 2001 da tubalin ƙasa, ya ɗaga rufin kwano sama da silin domin iska mai zafi ta sami hanyar fita. Wannan rufi amsa ce ga ajin da ya wahala a cikinsa. Idan uban da bai san gini ba ya bar irin wannan tasiri a aikin ɗansa, ban ga dalilin da zai sa ka yi shakka a kan naka ba.

Malama daga Maraɗi:
Ƙanena, ina so in raba tambayarka gida biyu, domin abin da iyaye ke bayarwa daban ne da abin da malamin sana'a ke bayarwa, kuma tarihin Hassan Fathy na Masar ya nuna duka biyun. An haife shi a Iskandariya a 1900, a gidan masu hali. Mahaifinsa ya tsani ƙauye, yana ganinsa matattarar ƙuda da sauro da gurɓataccen ruwa, har ya hana 'ya'yansa zuwa gonakinsa. Mahaifiyarsa kuwa ta yi wani ɓangare na ƙuruciyarta a karkara, tana ba su labarinta cikin bege. Tsakanin waɗannan biyun ya tashi da burin gyara ƙauye ya zama kamar yadda uwarsa ke faɗa. Wannan ita ce gudummawar iyaye: sun ba shi damuwar da ya rayu da ita.

Amma dabarar aikin ba a gida ya same ta ba, ba kuma a jami'a ba. Da ya gwada rufa ɗaki da tubalin ƙasa ba tare da katako ba, rufin ya rushe. Sai a 1941 da ya je Aswan ya tarar da maginan Nuba suna yin abin cikin sauƙi, suna jingina sahun tubali na farko a jikin bangon ƙarshe a karkace, kowane sahu yana kwanciya a kan na bayansa har rufin ya haɗe. Waɗannan mutane, da babu mai takardar shaida a cikinsu, su ya ɗauko suka yi masa aiki, kuma da fasaharsu ya gina sabon ƙauyen Gurna kusa da Luksor a shekarun 1940. Aikin bai kammala yadda ya so ba, domin mutanen da aka gina wa ba su yarda su baro tsohon mazauninsu ba, kuma wannan ma darasi ne da ya kamata ɗalibi ya riƙe.

Silsilar ba ta tsaya a kansa ba. Abdel-Wahed El-Wakil, wanda ya gama jami'ar Ain Shams da tarbiyyar zanen zamani, ya haɗu da Fathy a 1967, ya zauna a gabansa kimanin shekara 5. Shi ne ya zana Masallacin Ƙuba da aka sake ginawa a 1986 da Masallacin Ƙiblataini a Madina. Duk alhajinmu da ya yi nafila a Ƙuba ya tsaya ƙarƙashin ƙubbobin jan bulo da asalin tarbiyyarsu ke komawa ga wancan malami da maginansa. Mahaifinka yana matsayin maginan Aswan ne, saboda haka malami ne a sana'a, ba don kara ba.

Ɗan Magina, Birnin Zazzau:
Na yarda da Baban Kaduna da Malama, sai dai ina da ƙorafi a kan yadda muke tuna irin waɗannan mutane. Kowa ya san Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, kowa kuma na yaba bakan gizonsa, wato bakunan da ke riƙe da rufinsa. A Nijar ma Falke Barmu, manomi kuma magini, ya fara masallacin Yama a jihar Tawa a 1962, ya faɗaɗa shi daga 1975, aikin ya sami kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986. Yabo bai yi ƙaranci ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne matashin da zai iya jera azara ta hau kan 'yar'uwarta har baka ya tsaya, ko ya haɗa makuba yadda bango zai jure damina. Maginin gargajiya ba ya bayani da baki, ɗa yana koya ne yana miƙa tubali, kuma ranar da ɗan ya koma ofis ilimin ya yanke. Malam ɗalibi, kada bayaninka ya tsaya a kan cewa Baba mutumin kirki ne mai haƙuri. Ka rubuta abin da ya sani dalla-dalla: inda yake haƙo ƙasa, kwana nawa yake barin ta ta jiƙa, irin ciyawar da yake cuɗawa, kaurin bango a gindi da a sama.

Ɗalibin Samaru:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan sa sunansa a farko, zan kuma bi shawarar Yayana na Zazzau idan na je gida hutu, domin har yanzu yana karɓar aikin gyaran soraye kafin faɗuwar ruwa. Ina roƙon wanda ya san wani tsohon magini da ke ɗaurin guga a Zariya ko Kano ya sanar da ni, saboda Baba ya fi ƙwarewa a bango da yaɓe, rufin baka kuwa ya ce wani ake kira masa.