Abin da muka tsinta kan manhajojin zanen na'ura na kyauta

Jama'a ga taƙaitawar hirar da muka yi da masu haɗa na'ura a nan Kaduna, akwai ɗaliban Kadpoly (Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna) akwai masu walda na Panteka, maganar dai in kana so wani ya iya ƙera abin da ka ƙera, da wace manhaja za ka zana shi.

Allon lantarki, wato faifan da ake jera kayan lantarki a kai a cikin na'ura, kam kusan kowa KiCad ya ce, kyauta ce tun 1992 take, injiniyoyin CERN, cibiyar binciken kimiyya ta Turai, ma sun sa hannu wajen gyara ta. Jikin na'ura kuma FreeCAD, ko OpenSCAD in kai mai son rubuta umarnin kwamfuta (code) ne.

Inda aka daɗe shi ne fayil. Wani injiniya ya ce don Allah a daina raba zane a nau'in fayil na STL kaɗai, shi STL fatar abu ce kawai, ƴan kusurwa uku-uku, in mutum yana so ya faɗaɗa ramin noti daga milimita 6 zuwa 8 sai ya sha wahala, to ka haɗa masa da fayil ɗin STEP, wanda ya fi sauƙin gyara, da ainihin fayil ɗin FreeCAD ɗin. Haka fayil ɗin Gerber, na kamfanin da zai buga allo ne, ba a gyara da shi. Wallahi wannan ita ce shawarar da ta fi min amfani. Masu yankan ƙarfe fayil ɗin DXF suke karɓa, amma ka rubuta musu milimita ne ko inci.

A ajiye komai a Git, manhajar da ke adana fayiloli da tarihin gyare-gyarensu, tare da jerin kayan haɗi, sannan a sa lasisi irin CERN OHL, wanda ke ba kowa izinin amfani da zanenka da gyara shi, in babu shi mutane tsoron taɓa aikinka za su yi.