Wa ke rubuta yadda 'yan majalisarmu ke jefa ƙuri'a kan haƙƙin talaka?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum jama'a. Wata tambaya ke cina tun shekaranjiya. Muna zaune majalisa bayan isha'i gardama ta tashi kan ɗan majalisarmu na tarayya, wani na cewa ai ya yi aiki, ya raba babura da keken ɗinki ya yi bohol, ni ko na ce to aikin da munka tura shi Abuja shi yi fa, wato doka? In an kawo magana kan naƙasassu ko kan azabtar da wanda anka kama, wane ɓangare ya ka tsayawa? Wallahi duk wurin ba wanda ya iya ba da amsa. Abin ya taɓa ni don ƙanena ya taɓa yin kwana tara a tsare kan rigimar waya ba a kai shi gaban alƙali ba, alhali sashe na 35 na tsarin mulki ya ce kwana ɗaya, in kotu na da nisa biyu. Na ji a Amurka akwai ƙungiyoyi masu ba 'yan majalisa maki kamar sakamakon jarrabawa. Mu nan Sakkwato sanata 3 gare mu, 'yan majalisar wakilai 11, na jiha 30, mutum 44 ke nan kacal. Mi zai hana mu yi musu irin wanga maki kafin 2027?

Malam Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam ƙanena, tambayarka ta yi kyau. Gaskiya ne, NAACP, ƙungiyar baƙaƙen fata da anka kafa tun 1909, tana ba 'yan majalisar Amurka maki daga A zuwa F. Amma abin da ya sa sunka iya shi ne can in magana mai nauyi ta zo ana rubuta sunan kowa da abin da ya zaɓa, dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964 ta wuce majalisar dattawansu da ƙuri'a 73 da 27 kuma har gobe sunayen na nan ajiye.

Mu kuwa galibi da murya aka yi. Shugaba shi ce masu goyon baya su yi magana, masu adawa su yi magana, sai ya buga guduma ya ce wane ɓangare ya rinjaya, to a cikin hayaniyar mutum 360 na majalisar wakilai ta ina za ka tsinto muryar naka? Duba Maris 2025 da anka amince da dokar ta-ɓaci a Ribas, sashe na 305 kashi biyu cikin uku ya nema, wato abin ƙirgawa ne, amma duka majalisun biyu da murya sunka wuce da ita. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai. Lokacin da na ga an kira suna ɗaya bayan ɗaya shi ne Yulin 2021 kan tura sakamakon zaɓe ta intanet, sanatoci 52 sunka zaɓi sai NCC, hukumar sadarwa ta ƙasa, ta sa baki, 28 sunka ƙi, jaridu sunka buga sunaye, ranar kowa ya san matsayin nashi har da waɗanda sunka ɓace daga zauren.

'Yar Gawon Nama:
Malam Allah shi saka da alheri, amma ni inda hankalina ya tsaya shi ne wa zai zaɓi dokokin da za a auna su da su? Ranar 1 ga Maris 2022 majalisa ta ka da ƙudurorin mata guda biyar cikin gyaran tsarin mulki, mata sunka yi kwanaki a ƙofar majalisa. Wata ƙungiya a Abuja za ta ba wanda ya ƙi sifili, wani malami a nan shi ba shi ɗari bisa ɗari, ni kaina cikin biyar ɗin akwai wanda na so akwai wanda ban gamsu da shi ba. Don haka kar a ba mu maki dunƙule, a rubuta doka kaza, ga abin da ta ƙunsa, ga yadda wane ya yi, mu yanke da kanmu. Kuma don Allah ku daina mance majalisar jiha, ita ce kusa da mu. Dokar kare yara ta tarayya tun 2003 take, sai 2021 Sakkwato ta samu tata, shekara 18 yaranmu na jira.

Baƙon Sabon Birni:
Yaya Ɗan Mabera in za ku yi ku fara da sashe na 33, haƙƙin rayuwa. Mu gabas shi muka nema. Tun matafiyan da anka ƙone cikin mota a Disambar 2021 har yau mutanenmu na biyan kuɗin noma ga 'yan bindiga, wasu na kwana ƙetaren iyaka. Ku ƙirga mana sau nawa wakilin Isa da Sabon Birni ko na Goronyo ya miƙe cikin zaure ya kawo ƙudurin gaggawa, sau nawa ya bi bayan maganar ga kwamiti. Wannan ai ba ya ɓoyuwa cikin hayaniya, shina cikin rubuce-rubucen zaman majalisa da bidiyo.

Ɗan Mabera:
Na gode muku duka. Ɗan'uwa na Sabon Birni Allah shi kawo muna ƙarshen wanga bala'i, naka za mu sa farko. Hajiya na karɓi shawararki, ba maki dunƙule. Ga abin da nika gani, mu fara da halartar zama, ƙudurorin da mutum ya kawo da hannunshi, da 'yan wuraren da anka kira suna. Sannan kowane ɗan takara da ya zo neman ƙuri'a unguwarmu mu tambaye shi gaban jama'a ko zai nemi a riƙa rubuta ƙuri'ar kowa da suna, mu ɗauki amsar a waya. Malam, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kwana bakwai ta ba hukuma ta amsa, in na rubuta takardar neman rajistar halartar zama ta wakilanmu 11 za ka duba mini ita ran Asabar bayan la'asar?