Sake ɗaure injin Passat 1.8T mai turbo: ta ina ya kamata a fara kashe kuɗi?

Mai Passat Kano:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da Volkswagen Passat ƙirar 2003 mai injin 1.8T, wanda ke ba da ƙarfin doki 150 daga kamfani. Injin ya fara shan baƙin mai, salansa na fitar da shuɗin hayaƙi, kuma fitilar mai tana kamawa idan motar ta yi zafi tana tsaye. Na yanke shawarar a sauke shi a sake ɗaurewa, kuma tunda za a buɗe shi ina so a ƙara masa ƙarfi zuwa wajen doki 230 ta hanyar sanya turbo K04 a madadin K03 da ya zo da shi. Ba tsere nake yi ba. Motar zuwa aiki ce, da ita kuma nake zuwa Kaduna. Wani ya ce dole sai na sayi fistan na musamman masu tsada. Shin gaskiya ne, ko akwai abin da ya fi su muhimmanci?

Tsohon Makanike:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a zo maganar ƙarin ƙarfi, fitilar man nan da ka ambata ita ce babbar magana. Wannan inji, musamman irin wanda aka ɗora a miƙe daga gaba zuwa baya a Passat da Audi A4, ya yi ƙaurin suna wajen daskarewar mai, domin samfonsa, wato kaskon da mai ke taruwa a ƙasan inji, ƙarami ne, man da yake ɗauka bai kai lita 4 ba, ga kuma turbo yana gasa shi kullum. Matsalar ta kai ga a 2004 kamfanin ya tsawaita garanti a Amurka saboda ita, ya kuma wajabta amfani da mai na sintetik mai lambar VW 502 00 da babbar filta. Daskararren man yana toshe rariyar da famfo ke zuƙo mai ta cikinta, daga nan metal, wato faifan ƙarfen da kiranshaf ke juyawa a cikinsa, ya fara cinyewa, daga ƙarshe inji ya buga.

Saboda haka idan an sauke samfo ka je ka duba rariyar da idonka. Sau da yawa za ka tarar da baƙaƙen ɓarɓashi masu tauri kamar ƙanzon tukunya sun cika ramukanta. Kada ka yarda a wanke ta da fetur a mayar. A sayi sabuwa tare da sabon famfon mai, a wanke duk hanyoyin mai na bulok, a kuma canza siririn bututun da ke kai mai ga turbo, domin a cikinsa mai ya fi ƙonewa, kuma turbo yana juyi fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, ɗan ƙarancin mai ya ishe shi lalacewa.

Game da fistan, ban goyi bayan wanda ya ba ka shawara ba. Bulok ɗin 1.8T na baƙin ƙarfe ne, fistan ɗinsa na asali kuma suna da ƙwari sosai. Raunin injin yana ga konrod, wato sandunan da ke haɗa fistan da kiranshaf, waɗanda ke lanƙwashewa idan ƙarfin murɗawa ya yi yawa tun inji yana juyi ƙasa ƙasa, kuma ƙananan turbo irin K03 da K04 su suka fi kawo wannan bugu na farat ɗaya. Masu aiki a kan injin sun daɗe suna ɗaukar ƙarfin murɗawa na kusan Nm 400 a matsayin iyakar konrod na asali, alhali motarka ta fito da Nm 210 ne. Sayi ƙarfafan konrod, amma a auna fin ɗin da ke haɗa fistan da konrod tukuna, domin akwai masu milimita 19 akwai masu 20.

Ɗan Fanteka:

Ni kuwa, Oga, da ni ne ba zan ɓata lokaci ba. Injin Beljiyam na wannan mota yana samuwa a Ƙofar Ruwa da Fanteka, a ɗora shi cikin kwana biyu, a sa turbo, magana ta ƙare. Ɗaurin inji a garejinmu, inda ake jera fistan a ƙasa iska na zuba musu ƙura, ba safai yake yin ƙarko ba.

Injiniya daga Zariya:

Ɗan'uwa Ɗan Fanteka, ka faɗi gaskiya game da ƙura, amma injin Beljiyam mai shekara sama da ashirin ba wanda ya san irin juyen man da aka yi masa, kuma konrod ɗinsa iri ɗaya ne da na wanda ake son cirewa. Maganin mugun ɗauri shi ne a nemi wanda ke awo. Faɗin silindar milimita 81 ne. A auna kowace ɗaya sama da ƙasa a ga ko ta buɗe, a auna tazarar metal da kiranshaf, a kuma sa kowane ringi cikin silindarsa a auna giɓin bakinsa, domin injin da aka ƙara wa matsin iska yana ƙara zafi, kuma idan giɓin ya yi kaɗan bakin ringi zai haɗe ya fasa gefen fistan. Kusoshin tofsilinda kuwa irin masu miƙewa ne, sau ɗaya ake ɗaure su, don haka sababbi za a saya. Idan awo ya nuna dole a faɗaɗa silinda, to a nan ne sayen fistan ya zama tilas, kuma ga motar yau da kullum gara na alminiyom samfurin 4032, wanda ba ya kumbura sosai da zafi, a kan 2618 da ke ƙwanƙwasa da safe kafin inji ya ɗumama.

Abin da na fi jin tsoro shi ne saitin kwamfutar motar. An ƙera injin ne don fetur mai oktan 95 (oktan shi ne ma'aunin juriyar fetur ga fashewa kafin lokaci), kuma yawancin saitin ƙarin ƙarfi da ake saukowa da su daga intanet an rubuta su ne don oktan 98 da sanyin Turai. A gidajen manmu fetur iri ɗaya ne, ba ka da zaɓi, sannan a watan Afrilu zafin Kano yana wuce digiri 40. Iska mai zafi da fetur mai rauni su ke sa fetur ɗin ya fashe kafin lokacinsa a cikin silinda, kuma wannan yana iya rusa fistan komai tsadarsa. A sa babbar intakula, mai sanyaya iskar da turbo ke turawa, a gaba a madadin ƙaramar da ke gefe, a gyara lagireto, a mayar da tamostat idan an cire shi kamar yadda aka saba yi a nan, a kuma nemi mai saiti ya rage gaggawar wutar fulogi ko da za a rasa doki goma ko ashirin.

Mai Passat Kano:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ke nan zan fara da famfon mai, konrod da intakula. Yaya batun tuƙi bayan an gama ɗauri?

Tsohon Makanike:

Amin, Malam. A ɗora sabon tayimin bel da famfon ruwa tun yanzu, domin idan bel ya tsinke a wannan inji mai bawul 20, fistan za su daki bawul. A fara tayar da shi da saitin kamfani, ka riƙa sauya gudu ba tare da take totur har ƙasa ba, ka yi juyen mai da wuri, ka yanka tsohuwar filtar ka duba ko akwai ɓarɓashin ƙarfe. Sai an yi wajen kilomita 1,500 lafiya sannan a ƙara matsin turbo. Ka kuma ware kuɗin kuloci, domin na asali zai fara zamewa da zarar ƙarfin ya ƙaru.