Neman shawara: agogon da Baba ya bari ya tsaya, kuma an fara taya shi

Mai neman shawara, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ku taimaka min da shawara, abin nan ya hana ni sukuni. Mahaifinmu Allah ya yi masa rasuwa bayan babbar Sallah, ya bar agogo Omega, yanzu haka yana hannuna. Baba tsohon ma'aikacin reluwe ne, a nan Zariya ya yi yawancin aikinsa, sai ɗan zaman da ya yi a Kafanchan. A shekarun 1960 aka tura su kwas Ingila, can ya saye shi da kuɗin guzurin da ya riƙa matsewa. Da shi ya je aikin Hajji, da shi ya ɗaura auren duk yayyena. Tun ina ƙarami ni nake riƙe masa shi in zai yi alwala, saboda bai taɓa yarda ruwa ya taɓa shi ba. Da ciwo ya kwantar da shi ni na zauna da shi a asibitin Shika, ni ke juya shi, ni ke ba shi magani, sauran kowa yana can da hidimarsa, ba zargin kowa nake ba. A nan ne ya ce min, agogon nan naka ne.

Agogon ya daɗe a durowa. In na girgiza shi sai ya tashi, ya ɗan yi tafiya ya tsaya. Gilashin ya kakkarce, kuma akwai hazo-hazo ta ciki a gefe ɗaya. Na kai wa wani mai gyara a Sabon Gari, ya ce injin ya gama aiki, in bari ya cire ya sa na batir, ya goge jikin ya koma sabo. Wani da ke zaune a bencin ya taya dubu ɗari da hamsin nan take. Saurin tayin ne ya sa gabana ya faɗi, na karɓo abina. Yanzu kuma babban yayanmu ya aiko wai in kawo a san kuɗinsa. Ina zan kai gyara? Kuma wa ke iya faɗin darajarsa tsakani da Allah?

Hajiya, Gyallesu:
Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makoma. Ƙanena, an raba gadon ne ko tukuna? Ku nawa ne? Ban ga ka faɗa ba.

Injiniya, Samaru:
Allah ya gafarta masa. Malam, kafin komai: ka daina girgiza agogon nan daga yau. Kada ka murza kansa don ya tashi, kada ka ɗaura shi a hannu. Irinsa ba ya amfani da batir, akwai wani faifan ƙarfe a ciki mai siffar rabin wata, motsin hannu ke juya shi ya ɗaure sifirin. Tunda yana tashi in ka girgiza, injin bai mutu ba, man da ke cikinsa ne ya bushe ya daskare. Duk tafiyar da ya yi babu mai, ƙananan gatura ne ke cin junansu, kuma su ne masu wahalar samu.

Ba ka faɗa mana komai a kan agogon kansa ba. Me aka rubuta a fuskar, ƙarƙashin Omega ko can ƙasa? Murfin baya wane launi ne, akwai hoto a kai? Yana nuna kwanan wata?

Mai neman shawara:
Yallaɓai, an rubuta Constellation, da ɗan tauraro a ƙasa. Yana da kwanan wata. A baya akwai hoto kamar ƙubbar masallaci da taurari. Launin agogon na gwal ne. Girgizawar kuma ba da ƙarfi nake yi ba, so nake in ji ƙararsa kawai, haka Baba ma yake yi.

Injiniya, Samaru:
To ka ga wanda ya taya ka ya san abin da ya gani. Wannan hoton ɗakin duba taurari ne, ka ƙirga za ka samu taurari 8. Omega ta fara fitar da Constellation a 1952, kuma shi ne sahun gaba a agogunansu na wancan lokacin, kowanne sai an gwada daidaiton lokacinsa an ba shi shaida. Na shekarun 1960 masu kwanan wata yawanci injin 561 ko 564 ne, launin jan ƙarfe, mai ƙananan duwatsun rage gogayya guda 24. Lambar injin tana rubuce a jikinsa, da wata doguwar lamba da ake gane shekarar ƙira da ita. Lambar samfurin kuma tana cikin murfin baya ta ciki.

Maganar gwal, iri uku ne. Akwai farin ƙarfe zalla. Akwai wanda aka lulluɓe samansa da gwal mai ɗan kauri amma murfin bayan farin ƙarfe ne, hoton tsakiya kaɗai ke da launin gwal. Akwai kuma gwal zalla, shi za ka ga 18K ko 750 a cikin murfin, ko 14K da 585. Tsakanin waɗannan ukun kuɗin ya sha bamban ƙwarai. A kasuwannin waje ana sayar da irinsu daga ɗaruruwan dala har dubbai, ya danganta da wannan da kuma lafiyar fuskar. Duk wanda ya yanka maka farashi bai buɗe murfin ba, ƙiyasi kawai ya yi.

Abin da zai kashe darajarsa shi ne ainihin abin da mai gyaran ya ce zai yi. In aka cire injin aka sa na batir, sunan kawai ya rage. In aka sa inji aka goge jikin, kaifin gefunan ya tafi, in lulluɓi ne ma gwal ɗin ake kankarewa. In aka sake fentin fuskar, masu sayen tsofaffin agoguna da kallo ɗaya suke ganewa, kuma ba sa so. Su tsufan suke saye. Gilashin kuwa roba ce mai tauri, ana goge karcen ya fita, kuma na asali yana da ɗan mitsitsin tambarin Omega a tsakiya, don haka kar a yar da shi.

Baban 'yan biyu, Kwangila:
Ni dai abin da zan ce, kar ka bar shi ya kwana a wurin kowa. Haka na kai Rado ɗin kawuna, wanda ya sayo a Makka, aka ce in dawo jibi. Na dawo yana aiki, bayan wata biyu ya tsaya, da aka buɗe a Kaduna aka ce ba injinsa ba ne. Na koma mutumin ya rantse min da Allah. Har yau kawuna gani yake ni na sayar, zumunci ya yi sanyi a kan abin da ban ci ba ban sha ba. Duwatsun ciki suke sacewa su sayar.

Injiniya, Samaru:
Sauya inji ana yi, wannan gaskiya ne. Amma duwatsun ba su da kuɗi, yaƙutu ne na haɗi da ake yi a masana'anta don rage gogayya. Ba mai wahalar da kansa ya sace su.

Mai gyaran waya, PZ:
Injiniya, da girmanka, amma kullum maganarku kamar babu mai hannu a garin nan. Mahaifina gyaran agogo ya yi har idonsa ya raunana, Seiko 5, Rado, Omega, duk sun bi ta teburinsa, kuma ba a taɓa kai shi wurin mai unguwa ba. Agogon batir ne ya kashe sana'ar, sai waya ta zo ta ƙarasa, shi ya sa ni ma na koma waya. Har yanzu akwai dattawa da suka iya, a Birni da Kano. Ɗan'uwa, ka nemi tsoho mai gilashin ido ɗaya da ake maƙalawa, ka zauna a gabansa ya wanke maka ya sa mai. Kar ka kai wa yaran da canjin batir kawai suka sani.

Injiniya, Samaru:
Ban raina kowa ba, Allah ya saka wa mahaifinka. Amma sabis na gaske ba a yinsa kana zaune. Sai an warware injin gaba ɗaya, a wanke kowane yanki, a sa mai iri daban-daban a wurare daban-daban, a canja robar murfi da ta kan da ake murzawa, a ɗora a na'ura a ga minti nawa yake ci ko yake bari, sannan a kalle shi na kwanaki. Wanda zai tsoma injin a fetur ya ɗiga man keken ɗinki, agogon zai tashi, amma ƙurar hunturu za ta manne a man nan ta zama kamar yashi a giyar inji. Ni shawarata a nemi ƙwararre a Legas ko Abuja, ko a ba wani amintacce mai zuwa Dubai ko Landan. Kamfanin ma yana karɓar tsofaffi a Biel, can Suwizalan, sai dai ana ɗaukar watanni, kuma kuɗin aikin yana iya kamo kuɗin agogon. Ko'ina za a kai, a rubuta musu: ba gogewa, ba taɓa fuska, duk abin da aka cire a dawo da shi.

Ɗan kasuwa, Sabon Gari:
Duk wannan dogon lissafi ne. Da wane kuɗi zai aika Landan, dala tana inda take? Kai wa masu gwal su gwada su auna, in gwal ne su biya ka gram-gram, a raba kowa ya huta. Wanda ya taya ɗari da hamsin, ka ce masa ɗari biyar ka ga idonsa.

Injiniya, Samaru:
Masu gwal za su goga shi a dutse su ɗiga ruwan gwaji, sun bar tabo ke nan. Kuma nauyin gwal kaɗai za su biya, injin da fuskar a banza. Kuskure ne babba.

Malam, Ƙofar Doka:
Allah ya jiƙan mahaifinka. Tambayar Hajiya ce ba a amsa ba, kuma ita ce gaba da gyara. Ɗana, lokacin da ya ce naka ne, ya miƙa maka ka karɓa yana raye, ko yana durowa har ya rasu? A mazhabarmu ta Malikiyya kyauta ba ta cika sai an karɓe ta kafin mai bayarwa ya rasu. Wadda aka yi a ciwon ajali kuma hukuncin wasiyya take ɗauka, wasiyya kuwa ba a yi wa magaji sai in sauran magada sun yarda. In haka ne, agogon na cikin dukiyar gado: matan marigayi suna da tumuni su raba, 'ya'ya namiji rabon mace biyu. Yayanka bai yi laifi ba da ya ce a san kuɗinsa. Hanya mai sauƙi, a kimanta shi, a sa maka a cikin rabonka, in ya fi ka cika musu. Sannan in ya tabbata gwal ne zalla, bai halatta namiji ya ɗaura ba. Na ruwan gwal malamai sun yi saɓani.

Mai neman shawara:
Allah ya gafarta Malam, na gode, amma ni ba kwaɗayin kuɗinsa nake ba. Da kuɗi nake so da na karɓi tayin nan ba wanda ya sani. A gaban ƙanwata ya faɗa. Mukullin durowar ma tun yana raye a wurina yake, to wannan ba karɓa ba ce? Kuma Baba mutum ne mai addini, shekara da shekaru yana sallah da shi, da haramun ne da bai sa ba.

Hajiya, Gyallesu:
Ƙanena, haka aka yi mana. Mahaifinmu ya bar alkyabba da takobi da agogon aljihu, maza suka ce kayan maza ne, ba a sa su a lissafi ba. Mu mata aka ba mu kwanuka da katifa. Daga baya muka ji an sayar da agogon a Kano, ko sisi ba mu gani ba. Na yafe, amma in na tuna sai raina ya sosu. Ka kira 'yan'uwanka mata ka nuna musu da hannunka, ƙila ma su ce sun bar maka.

Mai neman shawara:
Hajiya, namu gidan ba haka yake ba, ɗaki uku ne, kuma ba kowa ke ga maciji da kowa ba. In na fito da shi yanzu bai aiki, za a ce ni na lalata. Shi ya sa nake so a fara gyarawa.

Injiniya, Samaru:
A'a. Kimantawa tukuna, gyara daga baya, masu saye da yawa ma sun fi son su samu ba a taɓa ba. Amma hazon nan ba zai jira rabon gado ba, damshi ne ya shiga, tsatsa na iya cin injin, fuskar ma ta yi tabo. Ka tafi da yayanka, a buɗe murfin da mabuɗinsa ba da wuƙa ba, ka ɗauki hoton injin da cikin murfin da lambobin, a busar a rufe. Da lambar samfurin za a duba nawa aka sayar da irinsa a gidajen gwanjo, wanda aka sayar fa, ba wanda aka sa wa farashi ana jira ba. Akwai kwalinsa ko rasit? Kuma har yanzu ba ka ce murfin bayan fari ne ko ja ba.

Mai gyaran waya, PZ:
To wa zai buɗe masa murfin, in ba mutanen da kuka ce ba su iya ba?

Ɗan kasuwa, Sabon Gari:
Turo hotonsa gaba da baya, ina da mai so a Kano.

Mai neman shawara:
Rasit ban gani ba, akwatin takardun Baba yana ɗakin uwargida, kuma ba zan iya zuwa in tambaya yanzu ba. Tafiya da Yaya kuma gaskiya da wuya, in ya riƙe shi a hannunsa ba zai dawo min ba. Wani abokina ya ce akwai dattijo a Kano da ke yi wa manya gyara, ina tunanin in leƙa ranar Asabar ni kaɗai ya duba kawai. Malam, don Allah maganar mukullin nan, ba ta zama karɓa?