Kafin a kai ɗalibai Gidan Makama, me ya kamata su karanta?

Malama Uwani:
Assalamu alaikum. Ina koyar da Hausa a wata ƙaramar sakandare, kuma muna shirin kai ɗalibai gidan tarihi na Gidan Makama da ke Kano. Abin da nake neman shawara a kai shi ne, shin ya fi dacewa mu fara karanta musu wani abu na tarihin birnin kafin mu tafi, ko kuwa mu bar idonsu ya fara gani sannan karatu ya biyo baya? Akwai kalmomi irin su lifidi da sulke da figini waɗanda yaran ke cin karo da su a littattafai, suna haddace ma'anarsu don jarrabawa, amma babu wanda zai iya siffanta su.

Malam Ɗanjuma:
Wa alaikumus salam, Malama. A ganina a fara da karatu, amma kaɗan. Ya isa su san cewa an gina gidan ne a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499, kuma yana daura da Gidan Rumfa, wato fadar sarki ta yanzu. Sai ki karanta musu wurin da Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ce Sarki Kananeji ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Yaron da ya ji cewa lifidi riga ce mai kauri da ake cusa wa auduga a ɗinke, a sa wa doki da mahayinsa domin kibiya ta kasa huda su, zai tuna da 'yan lifidan da yake gani a hawan sallah, ya gane cewa kayan da ya ɗauka ado ne asalinsu kayan yaƙi ne.

Hajiya Asabe:
Ni dai ban goyi bayan Malam ba gaba ɗaya, domin yaron da aka cika wa kai da sunaye da shekaru yakan shiga gidan tarihi yana neman abin da aka faɗa masa kawai, ya wuce sauran. A ziyarata ta farko, abin da ya fi tsayar da ni ba kayan da aka jera ba ne, ginin kansa ne. Na ɗaga kai na ga yadda aka shimfiɗa azara a rufin soro, aka tayar da bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke riƙe rufin, da azara da ƙasa, sai wani dattijo ya bayyana mini cewa giginya ake tsagawa a yi azara saboda gara ba ta cin ta da sauƙi, makuba kuwa daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa ake samun ta, a shafe bango da ita don ruwan sama. Ki ba kowane yaro takarda ya rubuta kalmomin da bai sani ba, in kun koma makaranta ku neme su a ƙamusun Bargery na 1934, wanda ya adana kalmomi da dama da bakin mutane ya riga ya saki.

Malam Ɗanjuma:
Hajiya ta yi gaskiya game da ginin. Zan ƙara da magana ɗaya da ta daɗe tana zaune a raina. Shaihu Al-Maghili, da ya zo Kano a zamanin Rumfa, ya rubuta wa sarkin nasiha kan mulki, inda yake ta maimaita cewa tushen kowace masifa shi ne shugaba ya ɓuya wa talakawansa. Na fi jin nauyin maganar ranar da na ratsa zaure bayan zaure a gidan, ina lissafin ƙofofin da mai ƙara zai wuce kafin ya isa gaban mai gida.

Malama Uwani:
Na gode muku. Zan karanta musu labarin Kananeji da nasihar Shaihu kafin tafiya, kalmomin gini kuma su tsinto su da kansu. Ko akwai wanda ya san ko ana buƙatar makaranta ta aika da wasiƙa tukuna kafin ta kawo ɗalibai da yawa?