Zauren Masu Sauraro na Jidda: yadda ake jin kiɗan rok na nan-take

Nafi'u (Jidda): Salamu alaikum, manya. An turo ɗaukar wani wasan rok na kai-tsaye, waƙa ɗaya minti 23, makaɗan suna ƙirƙira a kan dandamali ba tare da shiri ba. Daga minti na shida sai zaren ya ɓace wa kunne. Ta ina ake kama shi?

Malam Sabi'u (Riyad): Wa alaikumus salam, ƙanena. Kuskuren shi ne bin jitar da ke gaba ita kaɗai. Ka ji shi sau uku. Na farko ka bar shi ya wuce, kada ka taɓa wayar. Na biyu ka bi jitar bas kawai, ita ke fara nuna za a juya kafin sauran su biyo. Na uku ka bi mai ganga. Abin kamar uban kiɗi ne da 'yan amshi: wani ya jefa jimla, wani ya cafe ya mayar da ita da ɗan canji. Wannan mayarwar ita ce ake sauraro. Fara da ɗaukar ƙungiyar Allman Brothers a zauren kiɗa na Fillmore East na birnin New York, Maris 1971. Jita biyu, Duane Allman da Dickey Betts, ɗaya a kunnen hagu ɗaya a dama, ga masu ganga biyu, don haka za ka gane wa ya yi magana, wa ya amsa.

Anti Rabi (Makka): Amma fa wannan rabon hagu da dama ba ya fitowa a ƙaramar lasifikar Bluetooth guda ɗaya, tana cakuɗa komai wuri guda. Nafi'u, sa hedifon mai waya. Kashe ƙarin bas, yana binne muryar jitar tsakiya. Kashe kunna waƙa a hargitse, ka kunna saitin da ke haɗa waƙoƙi ba tsayawa, domin a irin wannan wasa waƙa tana narkewa cikin ta gaba, shirun daƙiƙa biyu a tsakani yana yanka wurin da ya fi daɗi.

Injiniya Bashir (Jidda): A ƙara da sanin irin ɗaukar. Akwai wadda aka ja daga miksa, wato na'urar da ke haɗa sautin duk kayan kiɗan: tas take, kowane abin kiɗa a fili, sai dai a bushe, ba ka jin zauren. Akwai ta cikin 'yan kallo da makirufo: ana jin amon ɗakin da ihun jama'a, amma in mai ɗauka ya tsaya can baya ko kusa da bango, bas ya yi ta gurnani ya haɗiye ganga. Akwai kuma wadda ake haɗa su biyun, in ba a daidaita lokacinsu ba sai ka ji ganga tana bugawa sau biyu. 'Yan ƙungiyar rok ta Amurka Grateful Dead sun bar masoyansu suna ɗauka, har suka ware musu wuri a 1984, shi ya sa dubban wasanninsu ke shafin ajiya na Internet Archive. Na cikin 'yan kallo ana saukewa, na miksa sai dai a ji a shafin. Nemi wasansu na jami'ar Cornell, 8 ga Mayu 1977, ka tafi kai tsaye zango na biyu, nan ake sakin jiki.

Nafi'u: Injiniya, FLAC ko MP3? Wurin waya ya yi ƙaranci.

Injiniya Bashir: Wasan awa uku a FLAC, fayil ɗin da ba ya rage ingancin sauti, ya kai gigabait ɗaya, a MP3 mai ingancin 320 kbps kuma kusan megabait 430. Na 320 ya wadatar a waya. Kada ka sauka zuwa 128, faifan ƙarfen ganga ne ke fara lalacewa, sai ya riƙa shuu kamar ruwa a kasko. In za ka tura wa wani ta WhatsApp, tura fayil ɗin a matsayin takarda, kada ka sake ɗauka da makirufon waya.

Malam Sabi'u: Wani abu da ke ruɗa mutane: tsofaffin kaset da aka yi ta kwafa, wani yana gudu fiye da kima. Ƙarin saurin kashi 6 cikin ɗari yana ɗaga sauti rabin mataki, murya ta yi siriri, kiɗan ya zama kamar ana korar makaɗan. In ka ji haka, nemi wani kwafin na daren.

Anti Rabi: Kuma ba kiɗan cikin mota ba ne. Da esi da ƙarar titi, wuraren da suka yi sanyi duk sun tafi, sai ka ƙara murya, in suka dawo da ƙarfi kunne ya sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarfin sauti na desibel 80 na awa 40 a mako ne iyaka ga babba. Zauna bayan Isha'i, ɗaki shiru, murya kusan rabi.

Hamza (Madina): Yaya Nafi'u, in na Amurka ya yi maka nisa, shiga ta gida tukuna: wasannin kai-tsaye na Mdou Moctar ko Bombino na Nijar. Jitarsu tana yawo a kan sautuka biyar ɗin da kunnenmu ya saba da su, kuma ganga tana ƙara sauri a hankali har ka ji inda ake dosa. Daga nan ka koma Fillmore.

Nafi'u: Na gode, Allah ya saka. Malam, zan fara da bin bas ɗin yau da dare.