Sunan da Muhammad Ali ya yar: na gwarzo ne ko na mai bayi?

Baban Khalifa: Jama'a, raina a ɓace yake. Jiya a majalisa wani ya ce sunan da ɗan dambe Muhammad Ali ya yar a 1964, wato Cassius Clay, na azzalumin mai bayi ne, kowa ya gyaɗa kai. Ba a yi wa Cassius Clay na asali adalci ba. An haife shi a jihar Kentucky ta Amurka a 1810, ubansa Green Clay na cikin manyan masu gonaki da bayi a jihar. Ya gama jami'ar Yale a 1832, ya karanci shari'a, ya 'yanta bayinsa, ya buɗe jarida a Lexington a 1845 yana caccakar bauta, har mutanen gari suka kwance injin buga ta suka aika da shi Cincinnati. Don girmamawa kakan Ali ya raɗa wa ɗansa sunan, Ali kuma ya gaje shi daga ubansa. Wallahi gwarzo ne.

Maman Ilham: Gwarzo? Malam, ka janye kalmar nan. Matarsa Mary Jane Warfield ta haifa masa 'ya'ya 10, ita ta riƙe gidan White Hall da gonar duk shekarun da yake jakada a Rasha. A 1878 aure ya mutu, ta bar gidan da ta sha wahalarsa. Shi ne gwarzo?

Ɗan Zinder: Hajiya, gwarzo a Hausa marar tsoro ne, ba a ce waliyyi ba. A 1843 wani mai suna Sam Brown ya harbe shi a wurin taron siyasa, shi kuwa ya zare wuƙa ya far masa.

Malam Sani: Wannan tauri ne. Ɗan tauri daban, gwarzo daban. Kuma ya je yaƙin Meksiko da muƙamin kyaftin, yaƙin da masu adawa da bauta suka ƙi jini. Can aka kama shi a 1847.

Ɗan Zinder: Ku Kanawa kun ɗauka ku kaɗai kuka iya Hausa.

Malam Sani: Ni Bazazzagi ne, ka iya bakinka.

Maman Ilham: Kun kauce. Yana da shekara 84 ya auri Dora Richardson mai shekara 15, a 1894. Abin da 'yarsa Laura ta ga ya sami uwarta ne ya jefa ta fafutukar haƙƙin mata. Abin na ci mini rai, don na ga irinsa a danginmu: mace ta tsufa tana gini, a ƙarshe ta fita da akwati ɗaya.

Baban Khalifa: Allah ya huci zuciyarki, amma ni maganar bauta na kawo.

Ɗan Zinder: Malam Sani, har yanzu ba ka kawo ƙamus ba.

Shugaban zaure: Na rufe nan. A taƙaice an yarda mutumin ya yaƙi bauta a tsakiyar masu bayi, ya ba da filin da aka kafa kwalejin Berea, shugaban Amurka Lincoln ya ba shi muƙamin manjo janar a 1862. Gwarzo ta zauna daram. Maganar iyalinsa ba ita aka tambaya ba.

Maman Ilham: Wa ya yarda, ranka ya daɗe? Ni ban yarda ba.